Gwajin fitsari kafin makullin tirela: yadda tawa ta kasance a Zariya

Lokacin da muka taso a harkar mota, babu mai tambayarka wata takarda in ban da lasisi. Ka yi yaron mota shekara da shekaru, ka wanke, ka ɗaure tampol, ka sa weji, ka kwana a ƙarƙashin bodi. Ran da maigidanka ya ga hannunka ya faɗa, sai ya kai ka gaban wani Alhaji ya ce, "Ga yarona, na yarda da shi." An gama magana. Har gobe haka ake yi a wurin masu mota ɗaya ko biyu. Amma manyan kamfanonin dakon kaya, masu ɗaukar siminti da taki da fulawa da mai, sun bar wannan hanyar. Yanzu kafin ka taɓa makulli sai an duba fitsarinka.

Tun da na samu shiga ɗaya daga cikinsu, duk inda na tsaya a Ɗan Magaji ko Kwangila sai an ja ni gefe. Tambayar ɗaya ce, kuma da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta: wai yaya gwajin nan yake? Shi ya sa na ga gara in faɗa gaba ɗaya, yadda na gan shi.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Lasisi ajin G, wanda shi ne na mota mai jan bodi, da lambar NIN, da hotuna, da mutum biyu masu tsaya maka, da shaidar ƙungiya. Ina da takardar wani ɗan kwas da na taɓa yi a makarantar sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa, na haɗa da ita, kuma na lura ta sa sun ɗan ƙara kallona da mutunci. Gwajin tuƙi ma bai daɗe ba. Aka jera duro, aka ce in shigar da bodi da baya a tsakaninsu, na shigar. Wanda ya duba mu shi ne wanda direbobi ke kira ogan sefti. Ba don ado kamfanoni ke ajiye irinsa ba: ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ce, duk mai motocin haya biyar zuwa sama sai ya yi rajista da su, ya kuma ajiye jami'i mai kula da lafiyar tuƙi. Da muka gama ya ce saura asibiti, za mu ji saƙo. Bai faɗi rana ba.

Saƙon ya shigo bayan sallar isha'i: gobe da ƙarfe takwas na safe, a wani asibitin kuɗi da ke Sabon Gari, kowa ya zo da katin shaidarsa. Da gangan suke yin haka. In an ba mutum mako biyu, mai sha zai daina na ɗan lokaci ya zo ya wuce.

Ni kuwa ina da abin da ya tsaya mini a rai. Kwanakin baya na zame daga kan kaya wajen kwance igiya, ƙuguna ya riƙe har ruku'u ya gagare ni. Likita ya rubuta mini tiramadol, wanda muke cewa tiramol, mai miligiram 50, na 'yan kwanaki. Na ƙarshen na sha shi ne shekaranjiya a lissafin ranar gwajin. Na kira tsohon maigidana, wanda a hannunsa na koyi mota, na faɗa masa.

"Kai yaro, kada ka sake ka buɗe baki," in ji shi. "Ka jiƙa tsamiya yanzu, ka yi ta sha har asuba. In ka faɗa musu da bakinka ka kashe kanka."

"To Baba, in kuma suka gani fa?"

"Allah zai rufa asiri."

Mai ɗakina ba ta ce komai ba sai da na ajiye wayar. Ta tashi ta buɗe jakar da muke zuba katunan asibiti, ta zaro katina da takardar maganin da ragowar kwalin, ta sa a aljihun rigar da zan saka da safe. "Malam, ba sata ka yi ba," ta ce. "Likita ne ya ba ka." Tata na bi.

A bakin asibitin na tarar da 'yan uwana masu neman aikin, kowa da shirinsa. Wani da gorar ruwa babba, ya kusa shanye ta. Wani ya ce shi madara ya kwana sha. Ana ta maganar lemon tsami da kanwa da zoɓo marar sukari. Duk waɗannan ba sa wanke komai. Hanta da ƙoda ke fitar da ƙwaya daga jiki, a kan lokacinsu, ba a kan naka ba. Abin da yawan shan ruwa ke yi kawai shi ne ya tsinka fitsarin ya zama fari fat, su kuma suna da abin da ke nuna an tsinka shi. Mai gorar nan da ya miƙa nasa, ce masa aka yi ya koma benci ya jira, za a sake.

Abu na farko a ciki shi ne fom. Akwai wurin da za ka sa hannu cewa ka yarda a gwada ka kuma a aika wa kamfani sakamakon. Wanda ba ya karanta boko sai a karanta masa a fassara, ya dangwala. A ƙasa akwai fili da aka ce ka rubuta duk maganin da ka sha a 'yan makonnin nan, na asibiti ne ko na kemis ko na gargajiya. A ganina wannan filin shi ne mafi muhimmanci a duk takardar, kuma shi ne yawancinmu suka tsallake. Dalilin a fili yake. Abin da ka rubuta kafin gwaji bayani ne. Wanda ka faɗa bayan an gani kuwa, ko gaskiya ne, kare kai za a ɗauke shi. Na rubuta tiramol, na rubuta ranar da na daina, na miƙa katin.

Aka auna hawan jini, aka tsikari yatsa don sukari, aka sa mu karanta haruffa a bango da ido ɗaya-ɗaya, aka nuna mana wasu hotuna masu ɗigo-ɗigo don a ga ko mutum na rarrabe ja da kore. Aka kawo wani ɗan inji na busa, na barasa. Wani dattijo a cikinmu ya ji haushi, ya ce shi da ya je Makka za a ba abin busa? Ogan sefti ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ni ma ina busawa." Dattijon ya busa.

Sai ɗakin fitsari. Nan ne Bahaushe ke jin jiki, ba don tsoro kaɗai ba, don kunya. An ce ka cire babbar riga da hula, ka zazzage aljihu a faranti, ka wanke hannu a gabansu. Wani ma'aikaci namiji ya raka ni har ƙofa, ya ce kada in sa sakata. Na shiga na duba, famfo a ɗaure, babu buta, babu bokiti, babu sabulu, ruwan cikin masan ma an zuba masa shuɗi. Duk don kada wani ya ƙara ruwa a kofi. Na leƙo na ce, "Malam, to tsarki fa?" Ya nuna mini buta a bayan ƙafarsa. "Ka fara miƙo kofin, sai in ba ka." Wanda zai je, ya sa wandon da ba zai damu ba in ya canza kafin azahar, domin riƙe kofi a tsugune ba abu ne da muka saba ba, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya sa ka cikin waswasi.

A jikin kofin akwai wani ɗan layi mai nuna ɗumi. Fitsarin da ya fito daga jiki yanzu yana tsakanin digiri 32 zuwa 38, kuma cikin minti huɗu ake dubawa. Wannan shi ke kama masu zuwa da fitsarin ƙaninsu a leda. Labarin da ake yi a tasha na wanda ya kai na matarsa aka ce masa yana da ciki, raha ce kawai, wannan gwajin ba ya duba ciki. Amma sanyin fitsari yana tona asiri nan take.

Wadda ke karanta sakamakon wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Miƙa mata kofin nan da hannuna ya fi mini shigar da bodi da baya wuya. Ita kuwa ko a jikinta. Ta sa safar hannu, ta ce in karanta sunan da ke jikin kofin in tabbatar nawa ne, ta ɓare sabon kwali a gabana. Abin gwajin kamar matajin kai yake, kowane haƙori da irin ƙwayar da yake nema: wiwi, kodin da danginsa, tiramol, magungunan barci irin su baliyam da roci, hodar iblis, da masu hana barci irin wanda ake kira ais. Tiramol da nasa haƙorin daban, domin na kodin ba ya kama shi. Ta tsoma, ta ajiye, ta duba agogo. Minti biyar.

Ga inda mutane ke rikicewa. Layi biyu shi ne lafiya, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya shi ne an samu. Hankalin mutum yakan ba shi akasin haka. Wani da ya riga ni ya hango layi bibbiyu sun cika nasa, ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba, sai da ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, naka ƙalau ne."

Nawa duk suka fito bibbiyu, ban da na tiramol. Na san haka za a yi, amma duk da haka sai da gabana ya faɗi. Ta duba fom ɗina, ta duba katin, ta ce, "Malam, ka rubuta. Likita zai gan ka." Ta rufe kofin, ta manna masa takarda a murfi, ta ce in sa hannu a kai.

Likitan ya ɗauki lokaci da ni fiye da yadda na zata. Ya duba kwanan watan da ke katin, ya ƙirga ragowar ƙwayoyin da ke kwali ya ga sun dace da abin da aka rubuta, ya sa na sunkuya na miƙe, ya duba idona da hannuwana. Ya ce abin tsomawar nan bai san yawa ba. Wanda ya sha 50 na likita da wanda ya haɗiyi 225 na bayan tasha, layi ɗaya zai nuna musu duka. Wanda doka ta yarda a sayar a ƙasar nan shi ne mai 50 da mai 100, da takardar likita. Masu 200 da 225 da 250 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. Saboda haka kati da kwali su ne shaidarka, ba fuskarka ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to abin nan ba ya kuskure?"

Ya ce yana yi. Wasu magungunan mura na iya fitowa kamar masu hana barci. Rifampisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, na iya fitowa kamar dangin kodin. Abin da ya kamata, duk wanda aka samu da layi ɗaya, a aika ragowar fitsarin babban ɗakin gwaji inda inji ke tantance ainihin sinadarin da yawansa. Shi ya sa ake rufe kofi a sa hannu. Sai dai wannan gwaji na biyu yana da tsada, kuma ba kowane kamfani ke yarda ya biya ba. Wasu da an ga layi ɗaya sai su soke suna, tunda ga masu nema cike da benci. Wannan ban ga adalci a cikinsa ba. Mutum na shan maganin tarinsa bisa ƙa'ida, a sallame shi da tambarin ɗan ƙwaya, maganar kuma ta riga shi isa tasha.

Ya ƙara da wata maganar da ban so ji ba amma gaskiya ce: ko na likita ne, bai dace mutum ya hau tirela da tiramol a jiki ba. Yana kawo gyangyaɗi da jiri, in ya yi yawa yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure irin na farfaɗiya. Ya rubuta wa kamfani cewa magani ne na asibiti, a sake gwada ni in ya fita. Tiramol da kodin 'yan kwanaki suke yi a fitsari, ba su cika wuce huɗu ba. Magungunan barci sukan fi haka daɗewa. Wiwi ce mai naci, domin a kitse take maƙalewa. Wanda ya saba da ita kullum, ko ya daina, tana iya kai wata guda tana nunawa.

Ita ce ta kayar da wani yaro a cikinmu, wanda a gwajin duro babu wanda ya kai shi iya hannu. Ya ce wallahi tun da ya ji labarin aikin nan ya ajiye. Na yarda da shi. Ba a kira masa 'yan sanda ba, ba a kira 'yan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba, kamar yadda ake tsoratar da mutane a tasha. An dai ce masa ba wannan karon ba, aka ba shi shawarar ya je sashen ba da shawara na hukumar ko ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Mutane na ɗauka wannan abu daga sama ya faɗo. Ba haka ba ne. Hukumar NDLEA tun 1989 take, amma an fi saninta da kame. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol suke sha. A watan Mayun shekarar ne kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da Janar Buba Marwa ya karɓi hukumar a 2021, sai ya riƙa matsa wa ma'aikatu da makarantu da masu sufuri su riƙa gwaji kafin su ɗauki mutum. Ga kuma kamfanonin inshora da masu kaya, waɗanda ba sa son jin tirelarsu ta afka kasuwa.

Ni ban ƙi gwajin ba. Na ga abin da tirela mai lodi ke yi wa ƙaramar mota, kuma iyalina ma a kan titin nan suke bi zuwa Kaduna da Kano. Abin da ke ci mini rai shi ne rabin aikin aka ɗauko. Ogan sefti yana son ba da misali da Amurka. Ya ce tun dokar 1991 ake gwada direbobin manyan motoci a can, kuma daga 2020 suna da rajista guda ta ƙasa, in ka faɗi a wannan kamfani na gaba zai gani. Gaskiya ne. Amma a can ɗin dai dokar ta hana direba wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta awa 10, kuma akwai na'ura a mota mai rubuta lokacin. Mu nan fa? Direba ya yi kwana da kwanaki a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, yana barcin zomo don kada a sace masa batir ko a zuƙe masa gas. Ranar da aka yi masa lodi a ce ana jiran kaya a Kano jibi. Ya biyo Ogere, Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, ga ramuka, ga shingaye, ga wuraren da ba mai hankalin da zai tsaya ya kwana. Kuɗinsa kuma a kan tirif ne, in bai juyo da wuri ba gida babu cefane. 'Yan kiyaye haɗurra na cewa a huta bayan kowace awa huɗu. A ina? Babu wanda ya fara haɗiyar tiramol don daɗinsa. Ciwon baya da barci ne ke kai mutum, mai sayarwa kuma yana nan kusa da mai shayi. Kofin fitsari zai gaya maka abin da direba ya sha a makon jiya, ba zai gaya maka awa nawa ya kwanta ba.

Tunda na ambaci mai shayi: goro da shayi da Nescafé ba sa fitowa a gwajin, an tambaya a gabana. Amma gadagi da sauran haɗe-haɗen da ake sayarwa a gora a wuraren kwanan motoci, likitan ya ce ba zai iya ba kowa tabbaci ba, domin mai haɗawa kaɗai ya san abin da ya zuba. Ana zargin wasu na narka ƙwaya a ciki don ciniki ya kankama. Uzurin "ban san da shi a ciki ba" kuwa babu fom ɗin da ke da filinsa.

Kira na biyu ma da daddare ya zo. Ɗaki ɗaya, buta ɗaya a bayan ƙafar mutumin nan, yarinyar nan dai. Wannan karon duk haƙoran suka fito da layi bibbiyu. Ta rubuta, likita ya buga hatimi. Ba a ba ni takardar a hannu ba, kai tsaye suke aika wa kamfani. Na roƙi kwafi, aka ce sai na nema a rubuce. Na nema, aka ba ni, kuma ina ba kowa shawarar ya karɓi nasa.

Ranar sa hannu a takardar aiki na gane gwajin ba na bakin ƙofa ba ne kaɗai. Za a iya tare ka kowace rana a gareji ko a wurin lodi a ce ga kofi. In an yi haɗari, ko ba laifinka ba ne, za a gwada ka. In oga ya ga idonka ko tafiyarka ba su yi masa ba, za a gwada ka. Ƙin yarda daidai yake da faɗuwa. Duk maganin da likita ya rubuta maka, sai ka nuna wa ogan sefti kafin ka ɗauki weibil, wato takardar lodin kaya.

Da jami'in kamfanin ya gama karanto takardar ya ce ko akwai mai tambaya. Na ce, "Yallaɓai, in barci ya kama ni a Mokwa, na faka na kwana, kaya suka makara, wa zai ɗauki laifin?" Ya ce motocinsu duk da na'urar bin sawu, kuma dokar kamfani ta hana tafiyar tsakar dare, saboda haka kwana ba laifi ba ne. Na ce a nuna mini inda aka rubuta cewa ba za a taɓa alawus ɗina ba. Ya juya takardun gaba da baya, ya ce zai yi magana da na sama. Na sa hannu, domin ina bukatar aikin.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne yaron mota ma sai ya bi ta asibitin kafin a ba shi katin shiga gareji. Yara biyu na yi wa magana a Kwangila. Na farko da ya ji batun kofi ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa, ban sake ganinsa ba. Na biyun ya tambaye ni ko za a ba shi abinci a asibitin, na ce a'a, ya ce to zai karya kafin ya fito.